Kunun Gwaggo Sahura

Sunan ɗiyata Sumayya. Na faɗa, kuma in an ƙi ji in sake faɗa: Sumayya. Wanda abin ya yi wa zafi ya je ya sha ruwa. Ita ce ɗiyata ta fari, kuma a gidan mijina da ke Tibiri uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta tambayar ya ci ko bai ci ba. Kunya ake ce wa abin. Tun ranar da aka yaye ta aka kwashe min ita aka kai ɗakin surukata, Inna Gwamma. Kwanon abincinta kuwa ya koma hannun yayar mijina, Sahura, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida ta zame mana hakima. Ni Shamsiyya nawa ido ne. Yarinyar ma Yaya take ce min, don haka aka koya mata. In ta faɗi a tsakar gida sai in kau da kai in ci gaba da tankaɗe.

Mijina Luƙman ɗan sunna ne, mai ɗangalallen wando, yana da shagon wayoyi a bakin kasuwa. Babu al'adar gidan nan da bai yaƙa ba. Ya rushe ɗan ɗakin da uwarsa ke zuba wa aljanar gidan, Doguwa, nono, ya hana kiɗa ranar suna, ya ƙona layun da ke wuyan yara. Amma wannan ta kunyar ɗan fari bai taɓa ce mata bidi'a ba, don ba a jikinsa take ba.

Sumayya na da shekara takwas ciwon ya fara. Ciwon kai ne da sassafe, sai amai tun ba ta sa kome a baki ba. Majo, ma'aikacin jinyar ɗan asibitin garinmu, ya ba da maganin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, aka sha, ba a ga kome ba. Ta daina zuwa lakwal, makarantar boko. Sai idonta ɗaya ya fara karkacewa, ta riƙa cewa tana ganin mutum biyu a ƙofa alhali ɗaya ne. Sannan wata safiya moɗa ta faɗi daga hannunta na hagu, ta duƙa ta ɗauka, yatsun suka ƙi rufewa.

Inna Gwamma ta tafa hannu. "Doguwar gidanga ce! Kun rushe mata ɗaki, kuna zaton ta tahi? To ga ta nan ta riƙe hannun jikata."

"Inna, ki ji tsoron Allah," in ji Luƙman. "Kambun baka ne ko sihiri. Ruƙiyya za a yi mata."

"Kai da tofe-tofenka! Kai ka jawo muna."

Suka yi ta yi a kan yarinyar, ita tana kwance a tabarma tana kallonsu da ido ɗaya. Wallahi ranar na ji kunyar ta fita daga kaina. Na ajiye rariya, na sunkuce ta na goya, ƙatuwa da ita ƙafafunta na dukan cinyata, na fice. Sahura ta bi ni da ihu har zaure wai na zubar da mutuncin gida. A asibitin Dogon Dutsi suka duba cikin idonta da ƴar fitila suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, sai Yamai. Luƙman ya biyo mu, ba don ya yarda ba, sai don kada a ce matarsa ta tafi birni ita kaɗai.

A Yamai gidan yayana Mukhtar muka sauka. Matarsa Fadila mutuniyar kirki ce, sai dai bakinta ba shi da murfi. Tana ganin Sumayya ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Wannan yarinya ce ko karan gero? Gidan naku ba a ɗora tukunya ne?" Na zungure ta, amma magana ta riga ta fita, kuma Luƙman na tsaye yana cire takalmi.  Ya naɗe maganar ya sa a aljihu.

Likitar da ta karɓe mu a babban asibiti ƴar Dogon Dutsi ce, Kirista, Dokta Nadège, Hausarta irin tamu sak. Aka tura Sumayya cikin na'urar da ke ɗaukar hoton cikin kai. Da hoton ya fito ta nuna mana wani farin abu a tsakiyar ƙwaƙwalwa, girman ƙwan zabo.

"Ina zargin wani ciwon daji ne da ake kira lamfoma," in ji ta. "Daga ƙwayoyin jinin da ke tsaron jiki yake tasowa. A manya ma ba shi da yawa a cikin kai, a yara kuwa likita yana iya tsufa bai ga ɗaya ba. In shi ne, ba a yanke shi da wuƙa. Magani ake ƙarawa ta jijiya, kuma yara da dama suna tashi. Amma maganin mai ƙarfi ne ƙwarai, ba zan zuba wa yarinya shi a kan zato ba. Sai an huda ƙashin kai an ɗebo ɗan ƙanƙani, kamar ƙwayar gero, an duba an tabbatar."

Likitan da ke wannan aikin ya yi tafiya, sai bayan Babbar Sallah. Ta rubuta mana na ciwon kai da na amai, ta ce in jikin ya rikice mu dawo nan take. Sai ta dube ni cikin ido. "Ban da wanda na rubuta, kada ƙwaya ko ɗaya ta shiga bakinta. Ko ta ƴan tebur a kasuwa, ko ta maƙwabciya. Akwai irin da ke ɓoye ciwon nan ya ɓace daga hoto, mu rasa abin ɗebowa."

Na so mu zauna a Yamai mu jira. Luƙman ya ce shi ba zai yi Sallah a gidan da aka ce ba ya ciyar da iyalinsa ba. Muka koma Tibiri. Na tsaya a tsakar gida na maimaita wa kowa abin da likita ta ce, da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Sahura ta taɓe baki. "Mun ji, Dokta Shamsiyya." Ta ja hannun Sumayya ta shige da ita ɗakin Inna, aka saki labule a fuskata. Kafin a yi la'asar maganar Fadila ta zaga gidan, har Inna tana cewa dangina sun ci mata mutunci a birni.

Luƙman ya kawo malaminsa, aka yi ta karatu a ruwa ana shafa mata man zaitun. Inna kuwa ta faki idonsa ta tafi ƙauyensu wajen bokanta Ɗan Kassari ta yanka wa Doguwa baƙar akuya, ta dawo da hayaƙi a ƙulle a bakin zane. In ya fita shago ta turara, in ya dawo ya ji wari a yi ta zage-zage. Ni dai ina gefe ina ƙirga musu hauka.

Sai yarinya ta tashi.

Wallahi ta tashi. Aman ya tsaya, idon ya koma daidai, hannun ya riƙe moɗa. Ta fara cin abinci kamar wadda ta dawo daga noma, ta cinye nata ta leƙa na wasu. Kumatu suka fito, wuya ya cika, ranar Sallah da aka ɗaura mata sabon zane har mutane na tsayawa kallonta. Ba zan yi ƙarya ba, na yi murna. Na shiga bayan rumbu na yi kukan daɗi inda ba mai ganina ya ce na yi rashin kunya.

Da ƙyar na shawo kan Luƙman muka koma Yamai bayan Sallah. Ya yarda ne don ya je ya nuna wa Fadila kumatun, ya kuma nuna wa likita ikon Allah. Aka sake hoto. Farin abin nan babu shi, sai ɗan dishi-dishi. Luƙman ya ɗaga hannu yana kabbara a cikin ofishin mutane. Dokta Nadège ba ta ko dube shi ba. Ta kama fuskar Sumayya tana juyawa, ta latsa kumatun, ta shafa bayan wuyanta inda wani ɗan tozo ya fito.

"Wa ya ba ta sha-ka-fashe?"

Na san ƙwayar. Wace mace ce ba ta san ta ba? Ƴan tebur ke sayar da ita a kasuwa, ƴan mata na sha don su yi jiki kafin biki. Na rantse mata ban ba ta ba.

"Ban ce ke ba. Wa ke ba ta abinci?"

Kafin in buɗe baki Luƙman ya miƙe. "Madam, ku dai ba ku son a ce Alƙur'ani ya yi aiki. Kin ce akwai ciwo, mun yarda. Yanzu hotonki da kansa ya ce babu. Me kike nema kuma? Ki huda kan yarinya lafiyayya?"

"Ba zan huda ba, don ba abin ɗebowa," in ji ta. "Amma bai tafi ba, Malam. Kwanciya ya yi." Ta faki idonsa ta sa lambarta a wayata.

Muna dawowa na tari Sahura a bakin murhu na tambaye ta. Ta ajiye muciya ta kama ƙugu. "Ni za ki tuhuma? Ke da ba ki san ko da wane hannu ɗiyarki ke cin tuwo ba? Ahir ɗinki!" Na bincika ɗakinta da ta tafi rijiya, ban ga kome ba.

Luƙman ya ce walima zai yi ta godiya. Ya yanka rago, ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya tara abokansa na masallaci, har da lasifika. Inna ta ce ita ma ba za a bar ta a baya ba, ta gayyato ƙawayenta ƴan bori suka cika tsakar gida suna cin goro. Sahura tun safe take kan wuta, hayaƙi ya rine mata ido, ba wanda ya ce mata sannu. Bayan azahar malamin ya karɓi lasifika ya fara. Ya ce ga aya Allah ya nuna a gidan Luƙman, karatu ya kunyata likitocin Nasara, ya kunyata masu yanka wa aljanu.

Inna Gwamma ta miƙe ta nufi danga. "Ƙarya kake, mai gemun bunsuru! Akuyata Doguwa ta amsa! Kun yi ta tofi har yawunku ya ƙare, yarinya ta motsa?"

Ƙawayenta suka ɗauki guɗa. Luƙman ya faɗo cikin gida, abokansa na leƙe ta zaure. "Inna, a gaban baƙina? Shirka a gaban baƙina?"

"Baƙin uwaka! Ni na haife ka!"

Can sai muka ji ƙarar ludayi a kan tukunya. Sahura ce. Ta taho tana kwance bakin zanenta, inda ban taɓa tunanin dubawa ba, ta zaro sashen ƙwayoyi, ƴar takardar nan da ake jera su a ciki, ta wurga a tsakiyar tabarma.

"Ku yi muna shiru, ku duka! Kai da tofinka, ke da akuyarki! Wa ya tada yarinyar ga? Ni Sahura! Kullum safe nike murƙushe wagga cikin kununta. An ce gidan ubana ba a ɗora tukunya, an yi muna gori a Yamai, ku kun tsaya kuna gardamar aljanu. Na ce wallahi ba ta komawa birni sai ta cika zane. Ga ta nan ta cika, ciwon ma ya gudu. Amma ko sannu ban samu ba!"

 Malamin ya kashe lasifikarsa. Na duƙa na ɗauki sashen, na ce, "Yaya Sahura, kin kashe ni. Wannan ce fa likita ta hana. Wannan ce ke ɓoye ciwon."

Na zaci Luƙman zai rufe ta da faɗa. Ya dai dubi ƙwayar, ya dubi Sumayya da ke gefe tana gwaguyar ƙashin rago, ya shafa gemu. "To ai shi ke nan," in ji shi. "Allah shi ne mai warkarwa, wannan sababi ce. In ita ce ta yi aiki, a ci gaba da ba ta."

"Doguwa ce ta sa mata tunanin a zuciya," in ji Inna. "A ci gaba."

Kun ji fa! Mutanen da suka shekara ba su haɗu a kan kome ba, ko a kan ganin wata, ranar suka haɗu a kaina. Sahura ta fizge sashen daga hannuna ta mayar bakin zane tana hura hanci.

Na zaga bayan rumbu na kira Dokta Nadège. Ta saurare ni har na gama, ta ja numfashi.

"Na yi zaton haka. Ki ji da kyau. Kada ki yanke mata ita lokaci ɗaya, jikinta ya saba, hakan na iya kashe ta. Ki kawo min ita mu riƙa ragewa a hankali har ta daina. Sannan mu jira."

"Mu jira me?"

"Ya dawo."

Na ce, "Dokta, ki ce in ɗauki yarinya mai gudu da ƙafarta in zauna ina jiran ta kwanta?"

"Haka na ce. Ƙwayar nan ba ta kashe shi, danne shi take. Wata rana zai saba da ita ya tashi tana cikin sha, kuma ranar ba lallai ya ba mu lokaci ba. Gara ya dawo a gabana, in kama shi in san sunansa, in ba shi maganinsa na gaske."

Washegari da hantsi, Luƙman na shago, na ɗaura ɗamara na tsaya a tsakiyar gida. Na buɗe baki na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na haife ta.

"Sumayya! Zo nan!"

Yarinyar da kanta ta firgita. Inna ta saki goron da ke hannunta tana salati, wai na kira sunan ɗiyar fari da rana tsaka, ƴar marasa tarbiyya. Sahura ta tare zaure ta baje hannuwa. Na ce ta ba ni hanya, ta ce sai dai in bi ta kanta. To, na bi ta kanta. Ta yage min mayafi, na bar mata shatar haƙorana a damtse, kuma har gobe ban yi nadama ba. Na ja Sumayya tana tirjewa tana kiran Gwaggo har tasha. Motarmu na wuce Dogon Dutsi waya ta yi ƙara, Luƙman ne.

"Shamsiyya, ki sauka ki dawo min da ɗiyata."

"Ba zan sauka ba, Abban Sumayya."

"Yarinya lafiyayya za ki kai a sa mata ciwo? Ke uwa ce kuwa? To ki ji. Na bar ki ki yi haukarki har a gama girbin gero. Ranar da na ɗaure damin ƙarshe zan zo in ɗauke ta, kuma ba ta ƙara taka asibitin nan."

Zaman Yamai ya fi kome ɗaci. Aka riƙa rage ƙwayar, kumatun suka riƙa zubewa. Sumayya ta daina ci, ta zama mai fushi, gaɓoɓinta na ciwo. In na kawo kunu ta ture. "Ba irin na Gwaggo ba ne. Ni gida nake so. Can lafiyata lau." Me zan ce mata? Gaskiya ta faɗa. Fadila, da bakinta ya jawo mana duk wannan, ta koma tana bin bango, ta ce ko sau ɗaya ba za ta ƙara yi wa ɗan wani maganar rama ba. Na ce ta makara.

Aka sake hoto, Dokta ta ce da saura, abin bai kai a ɗebo ba. Ta sa mana wata rana can gaba, ta ce amma in na ga alama ko ƙanƙanuwa in kawo ta a guje. Ranar da ta sa kuwa ta wuce girbi. Na koma mai gadin hannun ɗiyata. Kullum safe in miƙa mata abu ta hagu, in zuba ido. Uwa ce ni, ina kallon hannun ɗiyata ina jiran ya mutu. Na tsani kaina, na tsani Sahura, na tsani ɗan teburin da ban ma san fuskarsa ba. Daga Tibiri kuwa saƙo bai yanke ba. Inna ta aiko a gaya min in jikarta ta mutu ni na cinye ta.

Gero ya shiga rumbu. Wata safiya muna karin kumallo a tsakar gidan Mukhtar sai ga sallama. Luƙman ne, Sahura na bayansa, motar haya na jira a waje ba a ko kashe ta ba. Sumayya ta tashi ta faɗa jikin Gwaggonta. Sahura ta ɗaga hannun yarinyar ta ga ƙashi, ta rushe da kuka. "Wayyo! Dubi yadda ta maishe ta! Muguwa, azzaluma, Allah ya isa!"

"Haɗa mata kayanta," in ji Luƙman, bai ko gaishe ni ba.

Na dubi yayana. Mukhtar ya sunkuyar da kai. "Shamsiyya, ubanta ne. Ba ni da ikon hana shi."

Na ce a ƙara min kwanaki kaɗan, hoto na nan tafe. Luƙman ya ce ko yini ɗaya. Na durƙusa masa, ni da ban taɓa roƙonsa ko sabulu ba. Ya ce in tashi kada in tara masa mutane. Na ga Sahura na taɓa bakin zanenta, na san abin da ke ƙulle a ciki, na san tun kafin su kai Dosso zai shiga cikin ɗiyata.

"A bari ta sha ruwa ko," in ji Fadila. Ta cika moɗa ta miƙa.

Sumayya na riƙe da zanen Gwaggonta da hannun dama, sai ta karɓa da hagu. Ta kai rabin hanya zuwa baki. Moɗar ta suɓuce ta daki siminti, ruwa ya fallatsa a ƙafar Luƙman. Ta duƙa ta ɗauka. Yatsun suka taɓa moɗar, suka ƙi rufewa. Ta sake gwadawa. Suka ƙi.

"Alhamdulillahi!"

Ni na faɗa. Da ƙarfi na faɗa, ban san ya fito ba, har hannuwana sun tashi sama.

 Sahura ta buɗe baki ta kasa rufewa. Luƙman ya dube ni kamar ya ga maciji a cikin tulu. Amma ba su na gani ba. Sumayya ce na gani, tana duƙe, hannunta na lilo, ta ɗago tana kallona.

Na sunkuce ta na goya, na fita na shige motar da suka zo da ita, na ce wa direba asibiti. Luƙman ya biyo ya zauna gaba. Sabon hoton ya nuna abin ya dawo, har ya ɗara na farko. Da aka ce sai da yardar uba, ya ba da ita ba tare da ya dubi kowa ba. Aka huda, aka ɗebo, aka aika. Sakamako ya zo, shi ne lamfomar da Dokta ta yi zargi tun farko.

Yanzu muna cikin magani. Wani ruwa ne rawaya ake rataya mata ya yi ta ɗiga cikin jijiya, a bi shi da ruwa leda bayan leda don ya wanke ƙoda, a bi da wani maganin da ke kare sauran jiki daga dafinsa. In an huta ta ɗan farfaɗo sai a sake. Bakinta ya yi gyambo, gashinta ya bi matashi, ta fi ranar da Fadila ta ce mata karan gero rama. Abin haushi, cikin magungunan da suke ba ta har da ƙwayar nan, da awonsu da lokacinsu. Ranar da Sahura ta gane ta a hannun ma'aikaciyar jinya sai da duk ɗakin ya ji. "Ashe dai tawa ce! To me ya sa anka cije ni?" Ban tanka mata ba, don in na tanka sai an kira masu gadi.

Yatsun sun fara motsi. Dokta Nadège ta ce hoton baya-bayan nan ya yi kyau, amma ba ta yi min alkawari ba, ta ce da sauran tafiya, kuma lokacin da aka ɓata an ɓata. Luƙman na zuwa ya zauna a bakin gado ya yi mata addu'a ya tafi. Tun ranar moɗa bai ƙara ce min ko ci kanki ba. Inna ta aiko cewa ɗakina na nan amma kada in yi gaggawar dawowa. Duk wannan bai hana ni barci ba.

Abin da ke hana ni shi ne Sumayya ba ta cin abinci daga hannuna. Dole na bar Sahura ta zauna, maƙiyiyata, a kujerar da ke gefen gado. Ni ke dama kunun a gidan Mukhtar, in ɗanɗana, in rufe, in kawo, in caje bakin zanen Sahura a ƙofa tana zagina, sannan in miƙa mata ta ba ta a baki. Jiya Sahura ta fita alwala, kunun na hucewa. Na ɗauki cokali na matsa.

"Sumayya, ko kaɗan."

Ta dube ni da idanun nan da suka faɗa. "Yaya, na ji ki ranar nan. Da hannuna ya mutu murna kika yi."

Na buɗe baki in yi mata bayani, ta juya fuskarta ga bango ta ja zane ta rufe kanta mara gashi. Na ajiye cokalin na koma bakin ƙofa na tsaya ina jiran Sahura.

Ta tsane ni, na sani. To ta tsane ni. Allah ya ba ta shekaru masu yawa ta yi ta tsanata.